Cutar Sefsis: Lacca Domin Hakimai da Malamansu

Akwai wata cuta wadda takan faro daga abin da aka raina: miki da ya ruɓe, ko ciwon huhu, ko zazzaɓin mai jego, ko cibiyar jariri da aka yanke da ƙazamar aska. Sai ƙwayoyin cuta su yaɗu, jiki ya tashi yaƙarsu, har yaƙin ya wuce iyaka ya koma ɓarna ga ƙoda da huhu da zuciya. Likitoci suna kiranta sefsis. An ƙiyasta a shekarar 2017 ta kashe mutum miliyan 11, wato kusan ɗaya bisa biyar na dukan mace-macen duniya.

A manyan asibitoci akwai ɗaki na musamman domin waɗanda ciwo ya tsananta musu. Da an kawo majinyaci sai a ɗebi jininsa a auna, a ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, so samu cikin sa'a guda. In akwai mugunya a fitar. In ƙarfin jini ya faɗi a yi ƙarin ruwa da maganin ɗaga shi. In huhu ya gaza a sa injin numfashi.

A 2001 wani asibiti a birnin Detroit na Amurka ya gwada wani tsari na sa'o'i shida na farko, mace-mace suka sauko daga kashi 46 da rabi cikin ɗari zuwa 30 da rabi. Amma da aka sake gwadawa a Amurka da Ostareliya da Ingila a 2014 da 2015, sai aka tarar tsarin bai ɗara jinyar yau da kullum ba, muddin an gane cutar da wuri an ba da magani. Ashe saurin farawa shi ne babba.

Ƙarin ruwa kuwa ba abin wasa ba ne. A 2011, cikin yara 3,141 a Kenya da Uganda da Tanzaniya, waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Wannan aikin likita ne, bai kamata a bar wa mai allura na kasuwa ba.

Saboda haka ya wajaba hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni: mai zazzaɓi in ya soma sambatu, ko numfashinsa ya yi sauri, ko fitsari ya ɗauke, a nemi mota a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Malamin hakimi kuma ya rubuta ranar da ciwon ya fara, da irin maganin da aka sha, a miƙa wa likita takardar.