Ta ina ƙwayar ciwon hanta nau'in C ke shiga?

Iyayenmu sarakunan aska, ungozomai, malaman asibiti da ɗalibai da kuka taho daga Madawa da Buza da Keita, sannunku da zuwa.

A nan wajenmu, da an ce ciwon hanta sai hankali ya tafi ga shawara, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Nau'in C ba kasafai yake nuna kansa haka ba. Mutum kan shekara ashirin yana noman albasarsa lafiya lau, alhali hantarsa tana ƙanƙancewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutane miliyan 50 ne ke ɗauke da shi, kuma ya kashe kimanin 242,000 a wannan shekarar. Nau'in B ya fi shi yawa a Nijar, amma B yana da rigakafi cikin alluran jarirai. C ba shi da ko ɗaya har yau.

Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayar. Shi da Harvey Alter da Charles Rice suka karɓi kyautar Nobel a 2020 a kan wannan aiki. Gano ta ya zo da wuya, gano hanyar shigarta kuwa ya ci wasu shekaru ashirin.

Hanta ginin ƙananan ɗakuna ce jere da juna, masana na kiran kowane ɗaki sel. Ƙwayar ba ta iya hayayyafa a fili, dole sai ta shiga ɗaki. Cikin jini takan lulluɓe kanta da maiƙon da hanta da kanta take sarrafawa, don haka garkuwar jiki ba ta saurin gane ta. Jijiyoyin jinin da ke ratsa hanta kuma suna da ƴan ramuka, ta nan take sulalewa ta manne a bangon ɗaki.

Daga nan sai ƙofofi huɗu, kowace furotin ce da ke da aikinta na halas. Ta farko, SR-B1, da aka gano rawarta a 2002, ita ke karɓar maiƙo daga jini, shi ya sa take marabtar baƙuwar da ta shigo da rigar maiƙo. Wannan haɗuwa ce ke buɗe wata ƙugiya a jikin ƙwayar mai suna E2, ta kama ƙofa ta biyu, CD81, wadda masana a Siena ta Italiya suka gano rawarta tun 1998.

Malaman asibiti, ku saurari wannan da kyau. A 2003 an nuna cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ke cika ɗakin yara na asibitin Madawa kowace damina, ita ma tana bukatar CD81 ɗin nan kafin ta shiga hanta. Sauro ba ya ɗaukar nau'in C, kada a fita da wannan kuskure. Ƙofar ce kawai ɗaya. Ni dai wannan abu yana ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi.

Bayan ta kama CD81, sai a ja ta a bisa bango zuwa lungun da ɗaki ke haɗuwa da maƙwabcinsa. Can akwai claudin-1 da occludin, an gano rawarsu a 2007 da 2009. Aikinsu shi ne liƙe tsakanin ɗakuna don kada ruwan maɗaciya ya tsiyaya cikin jini. A wannan lungu ne bango ke lotsawa ciki, ya ƙunshe ƙwayar cikin ƴar jaka, ya haɗiye. Ruwan jakar ya yi tsami, tsamin ya sa fatar ƙwayar ta narke cikin fatar jakar, sai zaren gadonta na RNA, mai haruffa kusan 9,600, ya zube cikin ɗakin. Shi ke nan, ɗakin ya koma yi mata aiki. A jikin mai cutar ana iya ƙera ƙwaya tiriliyan guda a yini, kuma kwafin cike yake da sauye-sauye, musamman a ƙugiyar E2. Abin da garkuwar jiki ta haddace jiya ya canza kama yau. Wannan na cikin manyan dalilan da suka hana samun rigakafi.

Duk wannan tafiya ba ta farawa sai jinin wani ya shiga jikin wani. Ba a ɗaukar ta a ƙwaryar fura ko wajen musafaha. Masar ta ɗanɗana kuɗarta: daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi wa miliyoyin manoma allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a dafa sosai ba, cutar ta bazu ƙauyukan kogin Nilu. Ku dubi namu: aska ɗaya a kan mutum goma ranar kasuwa, ƙaho, kaciya, cire beli, zanen suna, mai allura da ke yawo da sirinji a aljihu. Ƙwayar na iya rayuwa kwanaki cikin busasshen jini, goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Iyayena wanzamai, ba sana'arku nake zargi ba, ku ne likitocin farko na garuruwanmu. Roƙona reza sabuwa ga kowane kai, ƙaho da ƙarfe kuma a wanke, a tafasa.

Akwai magani yanzu. Tun fitowar sofosbuvir a 2013, ƙwayoyin sha na kimanin makonni 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Masar ɗin nan ta gwada mutane sama da miliyan 50 daga 2018, ta yi wa waɗanda aka samu magani kyauta.

Sai dai gwaji biyu ne. Na yatsa yana nuna cewa jiki ya taɓa gamuwa da ƙwayar kawai, kuma kusan mutum 3 cikin 10 sukan kore ta da kansu cikin wata shida. Na biyu, mai neman RNA, shi ke tabbatar da tana nan. Ina roƙon hukumomin lafiya na jihar Tawa su tsara yadda duk wanda gwajin farko ya nuna a Buza ko Keita za a ɗebi jininsa nan take a aika, ba a bar shi da takarda da kuɗin mota a wuyansa ba.