BOLA JARI CE: Jawabin Ɗan Takararmu Ga Manoma Da Samarin Karkara

Ina gaida iyayenmu dagatai da masu unguwanni, da malamanmu, da iyayenmu mata masu saurare daga bayan danga, da ku samari da 'yammata. Na gode ƙwarai da kuka baro ayyukanku kuka zo.

Maganar hanya da asibiti da rijiyar burtsatse kun sha jin ta a bakinmu. Yau maganar bola na kawo muku. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari in kai aya.

Dattawan da ke zaune a nan shaidu ne. A zamanin iyayenmu ba a san asarar kaya ba. In an girbe dawa, kara ya zama danga da makamashi, tokarsa kuwa ta koma gona. Fulani su shigo da shanu su ci harawa da ragowar kara, su bar wa mai gona taki. In an matse man gyaɗa, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Dusa ta awaki ce. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Manoman kewayen Kano kuwa, da rani sai su kai itace birni a kan jakuna, su komo da mangala cike da shara, su zuba a gona. Da haka suka yi shekara da shekaru suna noma gona ɗaya ba ta gaji ba.

To, yau fa? Ku ɗaga ido ku dubi ƙayar da ke bakin kasuwar nan. Baƙar leda ce ta yi mata riga. Ledar fiya-wata ta cika kwata, da damina ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje ya ci gindin katanga. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa cikin tumbin akuya ko saniya. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta dunƙule a cikinta. Akuyar nan kuwa ita ce asusun mace a ƙauye. Sharar birni ma da ake saye don taki, yanzu sai an tsince leda da fasassun kwalabe, in ba haka ba garma ta riƙa tono su shekara bayan shekara, don leda ba ta ruɓewa kamar ganye.

Ga kuma tsadar takin zamani. Tun shekarar 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren farashinsa ya yi sama. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi. Watau muna sayen taki da tsada, alhali kuwa muna ƙona wanda Allah ya ba mu a bayan gida.

Ba mu kaɗai wannan cuta ta kama ba, kuma waɗansu sun tashi tsaye. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Amma doka kaɗai ba ta share gari. Sai da hannu, hannun nan kuwa na samari ne.

Samari, da ku nake. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga yadda tsohon ƙarfe ke komawa kuɗi. Gwangwanin lemo da ake yarwa, maƙera na narka shi su zuba tukunya da ludayi. Tsohuwar taya tana zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga. Tsofaffin robobi ana niƙa su a masana'antun Kano a sake yin bokiti da buta. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a shekarar 2011, an gina gida sukutum da gorunan roba da aka ɗura wa yashi. Waɗanda suka sa wa sana'ar nan suna bola-jari ba su yi kuskure ba.

Abin takaici shi ne yaranmu ne ke yawo cikin rana da buhu a kafaɗa, ƙusa na huda musu ƙafa, amma ribar tana hannun mai sikeli da mai mota. Yaro ɗaya da buhu ɗaya ba shi da bakin ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, idan kuka ba jam'iyyarmu ƙuri'unku, ga abin da za mu tsaya a kai.

Na ɗaya, a kowace mazaɓa samari su kafa ƙungiyar gama-kai, Ƙaramar Hukuma ta ba su fili da sikeli na gaskiya, su tara kaya su sayar da mota guda, ba da buhu-buhu ba.

Na biyu, malaman gona su koya wa samari haɗa takin gargajiya a rami: kashin dabbobi da ƙaiƙayi da ganye da toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya nuna cikin 'yan watanni. Su sayar wa manoma a farashin da talaka zai iya.

Na uku, bashi marar ruwa ga masu gyara: mai gyaran waya da rediyo, da mai walda, da mai faci, da tela, da 'yammata masu saƙa jaka da faifai. Abin da aka gyara, kuɗinsa a gari ya tsaya.

Na huɗu, katin shaida da safar hannu da takalmin roba ga kowane ɗan ƙungiya.

Sai dai in gaya muku gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Akwai ɓata-gari da ke cire wayar lantarki da ƙarfen gada da murfin kwata su ce bola ce. Wannan sata ce, kuma ita ta ɓata wa sana'ar suna. A jihar Borno, a 2023, sai da gwamnati ta hana tsince-tsincen ƙarafa saboda ɓarna da rashin tsaro. Ba ma so a kai ga haka a nan. Ƙungiya ita za ta san ɗanta, ta kuma fitar da ɓarawo. Haka nan kada kowa ya fasa tsohon batirin mota a cikin gida. Dalma ce a ciki, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida.

Iyayenmu mata, ku ma da aikinku. In za a aiki yaro kasuwa, a ba shi kwando ko kwano. Leda ɗaya da aka ƙi karɓa yau, wata gobe, da yayyafi kogi kan cika.

Samari, an daɗe ana tuna ku sai lokacin zaɓe, a ba ku gora da 'yan kuɗin shayi, bayan zaɓe a manta da sunanku. Ku sani, mai shekara 18 yana da ƙuri'a, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Dokoki ta Jiha ko Majalisar Wakilai. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, har da ni, ku tambaye shi sana'ar da ya tanadar muku. Wanda aka karanta wa wannan takarda ya adana ta. In mun ci muka saɓa, ku zo da ita ku tsare mu a gaban jama'a.

Ranar zaɓe kowa ya ɗauki katinsa ya fita da sassafe, ya bi layi cikin lumana, ya dangwala wa jam'iyyarmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.