Ɗaɗɗoya a Cikin Littafi da a Cikin Gidajenmu

Jawabin da aka gabatar a taron dattawan ikilisiyoyi da zumuntar mata daga yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Na san waɗanda suka biyo ta Sheme da 'Yargoje sun fito ne da addu'a a bakinsu, mun kuma gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

An ce in yi magana a kan lafiyar iyali. Ni ba likita ba ne, saboda haka na zaɓi abin da na sani tun ina yaro, na kuma sake haɗuwa da shi a makarantar tauhidi, wato ɗaɗɗoya. Kakata tana da gindi biyu a bayan randa. In ciki ya murɗa, ko mura ta kama mu, can take nufa. Ranar da na fara ganin sunan wannan ganye a Littafin Fitowa na yi murna ƙwarai, na ce ashe har Musa ya san maganin kakata. Daga baya malaminmu na Ibrananci ya rage mini murnar kaɗan. Abin da ya koya mana shi zan fara ba ku.

1. Wane tsiro ne Littafi yake nufi?

Sunansa da Ibrananci ezob. A Fitowa 12:22 da shi aka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofa daren da Isra'ilawa za su bar Masar. A Littafin Firistoci sura 14 yana cikin kayan tsarkake wanda ya warke daga cutar fata. A Littafin Ƙidaya 19:18 da shi ake yayyafa ruwa a kan wanda ya taɓa gawa. A 1 Sarakuna 4:33 an nuna faɗin ilimin Sulemanu, daga babban itacen al'ul na Lebanon har zuwa wannan ɗan tsiro mai fitowa a jikin bango. Dawuda ya ambace shi a Zabura 51 sa'ad da yake tuba. Yana kuma wurin gicciye, a Yahaya 19:29.

Yawancin masana sun yarda cewa wani ɗan tsiro ne mai ƙanshi da ke fitowa cikin duwatsun Falasɗinu da Siriya, wanda Larabawa ke kira za'atar, suna cinsa da gurasa da man zaitun. Ganyensa yana da gashi-gashi mai riƙe ruwa, shi ya sa ya dace da yayyafawa. A Turai kuma akwai wani tsiro dabam mai shuɗin fure da ya gaji sunan, ana ce masa hisop. Masu fassara Littafi zuwa Hausa suka duba ƙasarmu, suka ɗauki ɗan'uwansu da muka sani, suka rubuta ɗaɗɗoya. Ba su yi nisa da gaskiya ba, gama duka ukun dangi ɗaya ne da na'ana'a. In kuna so ku gane dangin, ku murza ɗanyen reshe tsakanin yatsu, za ku ji yana da kusurwa huɗu, ganyayen kuma suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna.

Dattawa, ga abin da nake so ku riƙe. A Firistoci 14, sai firist ya fita bayan zango ya duba mutum ya tabbatar ya riga ya warke, sa'an nan ake kawo ganyen. Aikinsa yayyafawa ne kawai. Ba shi ya warkar da kuturun ba, ba shi ya kāre gidajen Isra'ila ba. Na faɗi haka ne domin yanzu ana tallar 'yan kwalaben man hisop, ana cewa mai tsarki ne, yana wanke zunubi yana korar aljanu. Kada gwauruwa ta sayar da akuyarta saboda wannan. Gafara kyauta ce ta wurin jinin Almasihu. Bayan haka man hisop na Turai da aka tace yana da haɗari in an sha, yana iya jawo farfaɗiya, musamman ga yara, bai kuma dace da mai ciki ba.

2. Me ya sa za mu shuka ta yanzu?

Kun fi ni sanin amsar. Tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 muke cikin wannan hali, kuma ba mu manta da harin da aka kai 'Yargoje a watan Yuni na 2024 ba. Akwai shekarun da gonakin nesa suka gagare mu. Akwai daren da yaro zai kwana yana tari, babu mai iya fita neman kemis. Waɗansunmu suna zaman haya a Malumfashi ko Funtuwa, babu ko taki ɗaya na ƙasa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ɗaɗɗoya ba ta neman gona. Tsohon bokiti ya ishe ta, in kuma tashi ya kama, ana iya ɗaukarta a tafi da ita.

3. Yadda ake shuka ta

Wadda nake magana a kai ita ce ta gida mai faɗin ganye, wadda Yarbawa ke kira efirin, masana kuma Ocimum gratissimum. Tana daɗewa shekaru, tana iya kai tsayin mutum.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta reshe. Ki roƙi maƙwabciya reshe mai tsawon taƙi ɗaya wanda bai yi fure ba, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa a inuwa, kina canza ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa da yamma. In da iri za ki shuka, ki tuna ƙanana ne ƙwarai. A barbaɗa su a saman ƙasa, a danna da tafin hannu, kada a binne da zurfi.

A haɗa ƙasa da yashi kaɗan da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, gama ɗanyen taki yana ƙona saiwa. In a bokiti ne ko fasasshiyar tukunya ko buhu, a huda ƙasansa domin ruwa ya wuce. In a ƙasa ne, a bar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi. Tana son rana. Farkon damina, watan Yuni, shi ne lokacin da ya fi, amma mai ruwa a kusa zai iya dasawa ko yaushe. Da rani, ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa ya wadatar, ban da mai sabulu. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki da kaji.

In ta kai tsayin gwiwa, a riƙa tsinke kan, sai ta yi rassa ta cika. A cire fure in ganye ake so, a bar gindi ɗaya ya yi iri. Da hunturu za ta zubar da ganye ta yi kamar ta mutu. Kada a tumɓuke ta. A rage rassan, a ci gaba da ba ta ruwa kaɗan, za ta toho. Ganyen ajiya a shanya shi a inuwa, gama rana tana kwashe ƙanshin, ƙarfinsa kuwa a cikin ƙanshin yake.

4. Abin da take yi

Da farko abinci ce. A sa a miya, a farfesu, a dafa-duka. Marar lafiya da bakinsa ya mutu yakan karɓi romo mai ɗaɗɗoya.

Don mura, da tari mai sauƙi, da kumburin ciki, babba zai iya zuba ganye biyar zuwa goma a kofin tafasasshen ruwa, ya rufe minti goma, ya tace ya sha. Mai sa zuma ya sa, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma ba. Sirace yana buɗe hanci, sai dai kada a yi wa ƙaramin yaro, gama tukunyar ruwan zafi ta ƙona yara da yawa. Masu bincike sun sami man da ke cikin ganyen yana kashe waɗansu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, wani irin ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kanumfari. Amma abin da ya faru a kwanon gwaji bai zama lalle ya faru a jikin mutum ba. Ƙanshinta da hayaƙinta suna korar sauro na ɗan lokaci, da tsakar dare kuwa zai dawo, don haka gidan sauro yana nan a matsayinsa. Mai ciki ta ci a miya, ta bar shan dafaffen mai ƙarfi. Mai shan maganin ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa saboda ganye.

5. Abin da ba ta yi

A nan zan tona kaina. Shekarun baya, a wata ikilisiyar ƙauye da na yi hidima, 'yata ta kamu da zazzaɓi cikin watan Agusta. Muka dafa ɗaɗɗoya da ganyen darbejiya, muka yi addu'a. Jikin ya yi sanyi da safe, na ce an samu sauƙi. Kuɗin mota nake ji, ban faɗa wa kowa ba. A dare na uku ta fara jijjiga. Wani dattijo ya ɗauke mu a babur da asuba, a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, sai da aka ƙara mata. Allah ya bar mana ita. Na binne 'ya'yan waɗansu da suka yi jinkiri irin nawa.

Ɗaɗɗoya ba ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jini cikin kwana ɗaya. In an ga cutar, a ba shi maganin ACT na kwana uku har ya ƙare. Wannan maganin ma daga ganye aka samo shi a ƙasar Sin, har wadda ta jagoranci binciken, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne an tace shi, an auna shi, an san adadin da ya dace da nauyin yaro. Tukunyarmu ba ta da ma'auni.

In masu rabon maganin rigakafi na damina suka zo domin yara 'yan wata 3 zuwa 59, ku buɗe musu ƙofa. In gudawa ce, a haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a nemi ƙwayar zinki. In kuwa yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sauri, babu sauran maganar ganye. A tashi.

Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, yana nan a Ishaya 38:21. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

6. Roƙona

Abu uku nake roƙo. Kowace zumuntar mata ta dasa gindi biyar a harabar majami'a a wannan damina, domin kowane gida ya sami reshe kyauta, har da maƙwabtanmu Musulmi, gama mura ba ta tambayar addini. Dattawa su ware wani abu daga baiko a ajiye domin kai marar lafiya asibiti, kada wani uba ya sake yin shiru saboda kuɗin mota kamar yadda na yi. Kowace ikilisiya kuma ta san tun yau babur ɗin wa za a nema, da asibitin da ya fi kusa, da hanyar da za a bi.

Na kawo rassa a cikin bokiti, suna bakin ƙofa. Kowace uwa ta ɗauki ɗaya kafin ta tafi. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya tsare 'ya'yanmu, ya mai da ku gida lafiya. Amin.