Rumbu Ne Ya Yoye Ko Mai Awo Ne Ya Kuskure?



A Kanya ta ƙasar Zuru, idan hatsi ya lalace a rumbu, magidanci ba ya yanke hukunci sai ya duba abu biyu: ko jinka ta yoye gara ta shiga, ko kuwa wanda aka aika ne ya zuba dawa inda gero yake. Wannan tambaya ita ce ke gabanmu yau game da ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau ma'adanar da na'ura ke ajiye lissafinta yayin da take aiki. Da yawanmu za mu riƙe takardun albashi da sakamakon jarrabawa a ofisoshin gwamnati, kuma ranar da adadi ya sauya ba dalili, akawu ake fara tuhuma.

Duk abin da ke cikin ma'adanar nan sifili ne da ɗaya. A 2003, a garin Schaerbeek na ƙasar Beljiyam, na'urar zaɓe ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096. Masanan da suka bincika ba su sami kuskure a manhaja ba. Abin da suka fi rinjayarwa shi ne ɗigo guda ya juye daga sifili zuwa ɗaya, domin 4,096 daidai yake da darajar gurbi na 13. Wannan ciwon ƙarfe ne.

Ranar 19 ga Yuli, 2024 kuwa, sabuntawar da kamfanin CrowdStrike ya aika ta sa manhajarsa ta karanta wurin da ba nata ba a ma'adana. Kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya, jiragen sama suka kasa tashi, alhali ƙarfensu lafiya lau yake. Wannan ciwon manhaja ne.

To, yaya za mu rarrabe su, tun da alamarsu a fuskar na'ura ɗaya ce?

Na farko, mu duba wa cutar ke bi. Laifin manhaja yana bin manhajar duk inda aka sa ta, kuma yakan dawo idan aka maimaita aikin. Laifin ƙarfe yana zaune a na'ura guda, yau ya ka da wannan aiki, gobe wancan.

Na biyu, mu duba siffar ɓarnar. Ɗigo guda da ya juye, musamman idan a gurbi ɗaya yake ta faruwa, ya fi kama da ƙarfe. Manhaja idan ta ƙetare iyaka takan shafe wuri mai faɗi, har a ga guntun rubutun wani aiki a ciki.

Na uku, mu gwada. Mu tayar da na'urar da Memtest86 ba tare da babbar manhajarta ba, mu bar ta ta kwana tana awo. In ta sami kuskure, ƙarfe ne. In ba ta samu ba, wannan bai wanke shi sarai ba. Sai mu musanya sandar ma'adanar da wata, mu ga ko cutar ta bi ta.

Na huɗu, manyan na'urori suna da ma'adana mai gyara kanta, bisa lissafin da Richard Hamming ya wallafa a 1950, kuma tana rubuta kowane gyara. Binciken na'urorin Google na 2009 ya nuna fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan suna yin kuskure a shekara, kuma wadda ta yi sau ɗaya ta fi saurin maimaitawa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu sa hannu a takardar sayen sabuwar na'ura, ko takardar tuhumar ƙaramin ma'aikaci, sai mun yi gwajin nan mun rubuta abin da muka gani. Dukiyar jama'a ce, mutuncin mutum ne. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.