Baƙar Lakar Sudan: Shimfiɗarta, Yanayinta da Halinta

  

An nemi in yi magana a kan ƙasar noma, sai na zaɓi iri guda: baƙar lakar nan mai tsattsagewa da ta mamaye tsakiyar Sudan, tun daga bakin Khartum har Jazira da Gadarif da Damazin. Dalilina biyu ne. Na farko, ita ce ta riƙe kakanninmu a ƙasar nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Su da mahajjatan da suka biyo baya, a kan wannan laka suka yi noman dawa da tsinkar auduga, wasu suka tara guziri suka wuce Makka, wasu suka zauna suka haife mu. Na biyu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar gidaje a rushe, gonaki a yashe, kuma wanda ya komo dole ya sake aza tubali, ya sake ɗaukar fartanya. Ina so mu tashi daga taron nan da magana ɗaya: duk halin wannan ƙasa a hannun ruwa yake. Wanda ya iya da ruwa a kanta ya ci arzikinta, wanda ya yi sakaci ta cinye masa iri ta tsaga masa bango.

Shimfiɗar wuri

Mu fara daga inda muke zaune. A Mugran, gaban tsibirin Tuti, Farin Nilu ke haɗuwa da Shuɗin Nilu, kuma garuruwa ukun da ke kewaye da wannan mahaɗa ba a kan ƙasa iri ɗaya suke ba. Umdurman tana kan tudu, ƙarƙashinta dutsen yashi ne, samanta tsakuwa da rairayi, daga duwatsun Karari har Markhiyat. Ruwa ba ya kwana a nan, gangarawa yake yi ta kwazazzabai irin su Abu Anja da Shambat. A gaɓar kogi, a Tuti da Shambat da Jiraif, akwai ƙasar fadama mai laushi wadda ambaliya ke sabuntawa, inda ake noman lambu da buga jan bulo. Da ka haye gada ka nufi kudancin Khartum, ta Soba, ka shiga laka, kuma ba za ka fita daga cikinta ba har ka wuce Sinnar.

Asalin wannan laka tsaunukan Habasha ne, masu baƙin dutse irin na aman wuta. Ruwan damina ya yi ta gugar su, Shuɗin Nilu ya kwaso garinsu, ya yi ta baza shi a filin da ke tsakanin koguna biyu tsawon dubban shekaru. Da yake ruwa mai tafiya a hankali ne ya shimfiɗa ta, sai ta fito a baje, tana ɗan karkata zuwa arewa maso yamma da 'yan santimitoci kaɗan a kowace kilomita. Wannan ɗan karkata shi ne tushen aikin ban ruwa na Jazira. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya riƙa tafiya da kansa daga babbar magudana zuwa ƙanana, zuwa waɗanda ake kira Abu Ishirin da Abu Sitta, har ya shiga hawashar manomi, wato gonarsa, ba tare da inji ba. Da aka ƙara yankin Manakil, aikin ya haura faddan miliyan 2. Ba a shafe magudanan da siminti ba, domin lakar da kanta take toshe kafofinta idan ta jiƙa.

Irin wannan ƙasa ta haura hekta miliyan 300 a duniya, mafi yawanta a Indiya da Ostireliya da Sudan da Habasha da Chadi. Wanda ya san Dikwa da Ngala a Borno ya san ta, ita ce firgi da ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye.

Yanayi

Wannan ƙasa ba ta nuna halinta sai inda rani ke da tsawo, damina ke da gajarta. A Khartum ruwan shekara ba kasafai yake kai milimita 200 ba, yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba. A Madani yana kai wajen 300, a Gadarif wajen 600. Zafin Mayu da Yuni kuwa yana wuce digiri 40, kuma abin da rana da iska ke iya tsotsewa a shekara ya ninka abin da sama ke zubarwa sau da yawa. Ƙasar iri ɗaya ce, amma yawan ruwan sama ne ke raba mata aiki. A Gadarif, inda aka fara noma da tarakta a shekarun 1940, ruwan sama ya isa dawa da riɗi. A Butana sai an ja kunya an tare ruwa, an haƙa tafki domin dabbobi. A nan Khartum kuwa, in babu ban ruwa babu noma.

Ƙarancin ruwa yana da wani sakamako. Inda ruwan sama ke da yawa, yana wanke gishiri ya kai shi can ƙasa. Inda ya yi kaɗan, gishiri da kanwa na zaune a inda saiwa take. Shi ya sa ƙasar Soba da arewacin Jazira ta fi ta kudu gishiri, har aka kafa tashar bincike a Soba domin gyaran irinta. Kuma ruwan nan kaɗan ba ya zuwa da sallama. A farkon Agustan 1988 an zubar da wajen milimita 200 a Khartum cikin kwana guda, lakar ta ƙi sha, ruwa ya kwanta a unguwanni, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa. Dattawan da ke nan shaida ne.

Halin ƙasar

Fiye da rabin jikin wannan ƙasa laka ce tsantsa, kuma laka ce ta musamman. Ƙwayoyinta falle-falle suke, a jere kamar shafukan littafi, ruwa na shiga tsakanin falle da falle sai su buɗe, in ya fita su manne. Daga nan komai ya samo asali.

Ku je gona a Jazira cikin watan Afrilu. Za ku tarar ƙasa ta dare gida-gida, tsagar ta isa mutum ya zura hannu, zurfinta kan kai mita guda. Samanta ya marmashe, iska da kofaton dabbobi na tura marmashin cikin tsaga. Ranar da aka sako ruwan farko, za ku ji yana kwarara cikin tsagogin, yana jiƙa ƙasar daga ciki. Kafin wani lokaci ta kumbura, bakin tsaga ya haɗe, daga nan ruwa ya daina shiga sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ya taka ta a lokacin, sai dai ya bar takalminsa a ciki. Marmashin da ya faɗa ciki shi ma ya kumbura, wuri ya yi masa kaɗan, sai ya turo ta ƙasa zuwa sama. Da haka take juya kanta shekara da shekaru. In aka haƙa rami, za a ga jikin hoge yana da santsi da ƙyalli saboda gogayya, da fararen ƙwayoyin alli a warwatse.

Baƙinta na ruɗin mutane, su ɗauka taki ne ya yi mata yawa. Ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Tana da wadatar kalsiyam da fotasiyam, tana kuma riƙe taki da danshi fiye da jigawa nesa ba kusa ba, amma tana da yunwar naitirojin, kuma fosfarus ɗinta ba ya sakuwa ga shuka da sauƙi saboda kanwa-kanwar da ke jikinta.

Ga manomi

Lokacin aikin wannan ƙasa gajere ne ƙwarai. A bushe tana karya garma, a jiƙe tana kama ta. Tsakanin biyun akwai 'yan kwanaki da take da laushi, in ka dunƙule ta ta marmashe ba ta manne a hannu ba. Nan ne lokacin huɗa, kuma wanda ya sa tarakta a jiƙaƙƙiyar laka ya danne ta ke nan, ya jawo wa kansa wahalar shekaru. A shuka a kan kunya, domin saiwa na buƙatar iska, kuma kwantaccen ruwa na kashe auduga da gyaɗa da riɗi fiye da yadda ƙishi ke kashe su. A Jazira an saba ban ruwa duk bayan mako biyu: a bar ƙasa ta ɗan tsage tukuna, domin ta tsagar ruwa ke shiga. Wanda ya yi ta malala ruwa kullum, samansa kawai yake jiƙawa.

Takin yuriya kada a watsa shi a sama a tafi, zafi da kanwar ƙasar za su tashe shi ya bi iska. A binne, a biyo da ruwa. A riƙa juya shuka, a sa gyaɗa ko wake ko lubiya bayan dawa, a mayar da kara da takin dabbobi gona. Inda kanwa ta fito fili har ƙasa ta zama fako, a zuba jibsin, a buɗe hanyar da ruwan wanki zai fice. Sai yasar magudanai. Lakar da ta gina Jazira ita ce kuma ke cike su duk shekara, kuma shekarun yaƙi sun bar su da laka da ciyawa. Yanzu da madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara cikawa a 2020, ke tare laka mai yawa, magudanai za su sami sauƙi, amma masu lambun gaɓa da masu buga bulo za su rasa abin da ambaliya ta saba kawo musu. Dole su koma ga taki.

Ga magini

Ƙarfin da ke rufe tsaga a gona shi ne ke ɗaga harsashin gini. Kun san alamunsa a gidajen kudancin Khartum: ƙofa ta ƙi rufuwa da damina ta koma daidai da rani, daɓe ya kumbura a tsakiya, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Ƙaramin gida da katanga sun fi bene shan wahala, domin ba su da nauyin danne ƙasar. A liƙe tsagar da siminti bana, baɗi ta dawo, tun da cutar tana ƙasa.

Maganin shi ne a hana danshin da ke ƙarƙashin gida canzawa. A kai harsashi ƙasa da inda damina da rani ke tasiri, ko a kafa ginshiƙai a ɗora ginin a kai, a bar 'yar tazara tsakanin daɓe da laka. In hali bai kai ba, a kwashe lakar a cike da tsakuwa da ƙasar da ba ta kumbura, a daddaɓe. A zagaye gida da daɓe mai karkata waje, a nisanta indararo da ramin bayan gida da famfo mai yoyo daga bango. Dogon yaro kuma a dasa shi nesa, saiwarsa na tsotse gefe ɗaya gini ya karkata. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana nazarin wannan matsala, kuma kuɗin gwajin ƙasa bai kai kuɗin sake ɗaki ɗaya ba. Mu na Umdurman tamu matsalar daban ce: ƙasarmu ba ta cika kumbura ba, amma duk wanda ya yi gini a cikin kwazazzabo ya san ruwa ba ya manta hanyarsa.

Kammalawa

Iyayena da 'yan'uwana, kafin ka sayi fili ko ka karɓi hawasha, ka je ka gan ta da rani, ka koma ka gan ta da damina. Ka haƙa rami, ka jiƙa ƙasar ka murza. In ta yi dogon zare ba ta tsinke ba, ka san da wa kake hulɗa. Dattawan unguwa, ku haɗa kan jama'a a yashe magudanai kafin Yuli, na gona da na cikin gari. Ku kuma ɗalibai, Kwalejin Aikin Gona da ke Shambat da tashar bincike ta Madani, wadda aka kafa a 1918, sun tara ilmin wannan ƙasa mai yawa, amma kaɗan ne ya isa kunnen manominmu da harshensa. Ku karanta kimiyyar ƙasa, ku zauna da tsofaffin manoma ku ji nasu sanin, ku mayar wa jama'a da Hausa da Larabci. Abin da kuka koya a nan zai yi aiki a Borno da Chadi kamar yadda zai yi a Jazira.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya ba mu damina mai albarka.