Gajeren Suna, Dogon Tarihi

Yau batunmu gajerun sunayen yara maza ne, da inda suka samo asali.

Ranar suna, da sassafe, liman ya raɗa wa jariri Abdullahi. Kafin a gama rabon goro, kaka ta mai da shi Audu. Haka Abubakar kan koma Garba, Muhammadu ya koma Mamman.

Wasu sunayen daga Larabci suka zo a gajarce. Ali na nufin maɗaukaki. Sani kuwa lissafi ne: Muhammadu na biyu a gidan, na uku Salisu.

Amma sunayen da suka fi daɗin ji su ne waɗanda ke ba da labarin haihuwa. Tanko, namijin da ya biyo bayan mata. Gambo, wanda ya biyo bayan tagwaye. Bala, haihuwar Laraba. Ana jin sunan, an san labarin gidan. Abin takaici, irin waɗannan suna ƙaranci a birane, iyaye na ganinsu na ƙauye.