Noman rani: a auna ruwa kafin a auna fili



Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, balle na 1984. Bayan na 1984 ne shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga talakawa su kama noman rani. Tun daga lokacin garka ta zama rumbu na biyu a gidaje da yawa na jihar Tawa.

Yau damina ta ƙara rikicewa. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya sauko da ƙarfi cikin ƴan kwanaki, ya kwashe ƙasa, sa'an nan ya ɗauke gero yana cikin fidda kai. Zafin bazara kuma ya ƙaru. Shi ya sa mutane suke ta shiga fadama. Amma fadama ma da ruwan sama take rayuwa. In damina ta yi rowa, rijiya tana ja da baya da wuri.

A duba gandun noman rani na Ƙonni. Ya wuce eka dubu biyu irin ta gwamnati, wato hekta. Yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango, da aka gina bisa Magiya. Duk da girmansu, laka da rairayi sun rage musu ciki. To, in madatsa ta ragu, ina ga rijiyar mutum ɗaya?

Ga kuskuren da ake yawan yi. Manomi ya leƙa rijiya a watan Nuwamba, ya gan ta cike. Ya sayi injin ban ruwa, ya dasa fili babba. Inji yana janye ruwa fiye da yadda idon rijiya yake kawowa. Maƙwabci ma ya kafa nasa injin. Watan Maris na zuwa, albasa tana cikin yin kai, ruwa ya ƙafe. Kuɗin iri, da na taki, da na mai, duk sun tafi, bashi ya rage. Don haka mai garka ya tuna inda ruwan rijiyarsa ya tsaya a bazarar bara. Wannan ruwan ne zai nuna masa yawan fangalin da zai dasa. Fangali ashirin da suka ƙoshi sun fi hamsin da suka sha ƙishirwa.

Sammako shi ne rabin aikin. A zuba irin albasa a watan Oktoba. Bayan kwana 40 zuwa 50 a dasa. Ta haka albasa za ta girma cikin sanyi, lokacin da ƙasa ba ta saurin bushewa. Tumatir ma haka yake: in zafi ya same shi, fure yake zubarwa. Shu da salati kuwa kayan ɗari ne.

A yi ban ruwa da safe ko da marece. A sa takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, don yana riƙe laima. A rufe gindin tumatir da ciyawa busassa. Ruwan da ke bin doguwar hanya cikin rairayi yana ɓacewa kafin ya isa. Tiyo ya fi. Famfo mai aiki da hasken rana ya huta da sayen mai, amma ba ya ƙara wa rijiya ko guga ɗaya. A kashe shi in fangali ya sha.

Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kodebuwa. Sai dai a Maris da Afrilu kowa yake cirewa, buhu ya faɗi. Wanda ke son ajiya cikin rudu ya rage takin zamani mai sa ganye, don yana sa ruɓa. Ya daina ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Ya bar ta ta sha iska a inuwa, ya ware mai rauni, sa'an nan ya shimfiɗa sauran. Kowane mako a buɗe rudu a fidda wadda ta fara laushi.